Hatsin da Na Mayar Faifai

A gidanmu na Tirmini rumbuna uku ne, kuma tun ina yaro na san wanda ake taɓawa da wanda ba a taɓawa. Biyu na ci ne. Na ukun ƙarami ne, yana bayan turken awaki, an liƙe bakinsa da laka. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya kafa ƙa'idarsa: duk ɗan gidan da ya koma birni, in an yi kaka sai a ware masa rabonsa na dammunan hatsi a zuba a can. Da sunansa ake kiran rumbun, amma ba ya ɗauka. Ana tara shi ne saboda shekarar da sama za ta ƙi. Bayan rasuwar tsoho mu biyu muka rage maza, Yaya a gona, ni a unguwar Zango cikin birnin Damagaram, don haka kowa a gidan yakan ce rumbun ɗan birni, wato nawa.

Sana'ata a lokacin fim ce. Kada wani ya hango babban abu. Shago ɗaya ne tsakanin mai gyaran moto, wato babur, da mai sayar da ƙanƙara, da kamera guda da na saya hannu na biyu, da ordinater, wato kwamfuta, mai ɗaukar zafi kamar kaskon tuya. Ni ke rubuta labari, ni ke ɗauka, ni ke yankawa in haɗa, ni kuma ke share shagon da safe. Mu biyar ne masu wannan aiki a Damagaram, kowa da sunan kamfaninsa a jikin kwali, sunaye masu nauyi waɗanda in ka ji sai ka ɗauka bene muke da shi. Muna buga finafinanmu a faifan da muke kira sede, fim ɗaya faifai biyu, in na farko ya ƙare a tashi a sa na biyu.

Mutanen birni ba su damu da mu ba, suna cewa ƴan wasanmu ƙafarsu da faso. Mutanen karkara su ne namu. A kowane ƙauye akwai mutum ɗaya ko biyu masu na'urar sede da ƴar tele, wato talabijin, da batirin mota. Ranar kasuwa sai a kewaye rumfa da zana, a shiga a kalli mutane masu magana irin tasu, cikin gonaki irin nasu. Na san na'urorin nan ɗaya bayan ɗaya tun daga Gaffati har bayan Tirmini. Na san ta mai shayi wadda sai an mare ta take buɗe baki, na san ta wani tela da ke ɗaure da roba. Ina alfahari da wannan sani, ina ganin babu wanda ya kai ni fahimtar kasuwa.

Sai wani faifai ya shigo daga kudu, debede, fim goma a ciki a farashin namu guda. Bayansa kuma ga salula da ɗan katinta wanda bai kai farcen yatsa ba, a tura maka fim a ciki ka sa a aljihu. Babbanmu a sana'ar, wani mai gemu da ya girme mu duka, ya tara mu a zaurensa bayan la'asar.

Ya ce, "Ku kwantar da hankalinku. Na'urar mutanenmu ba ta karanta debede. Baƙauye kuwa in ya sayi abu da guminsa, sai ya ga gawarsa yake rabuwa da shi. Muddin na'urorin nan suna nan, sede na nan. Mu dai mu riƙe juna. Kada wanda ya buga debede, kada wanda ya ba masu turawa a kati fim ɗinsa."

Muka shafa Fatiha a kai. Ni na fi kowa ɗaga murya wajen amin, domin ni ne mai zafin kai a cikinmu, kuma maganar ta yi daidai da abin da nake so in ji.

Daminar da ta biyo baya na ɗauki fim ɗina mafi girma a gonar Yaya. Hatsi ya yi kyau a shekarar, ya rufe mutum. Labarin wani manomi ne da ɗansa ya gudu birni, kuma har yau ban san yadda aka yi na rubuta shi ban ji kunya ba. Matar Yaya ce ke dafa wa ƴan wasa, tana tsokanata kamar yadda matar wa ke tsokanar ƙanin miji.

"Maigidana ƙarami, yaushe za ka sa ni a ciki? Ko sai na shafa hoda?"

"Ke da za ki fasa mini kamera?"

"Ka ji shi! Wanda ko zabo bai taɓa kawo mini ba."

Autarta ce ta dame ni. Yarinya ce ƴar shekara huɗu, mai wushirya, ba ta da tsoron kowa. Ta ɗaura ɗankwalin uwarta ya rufe mata ido ɗaya, ta riƙa shigowa gaban kamera tana rawa tana kiran Baba ƙarami ya duba ta. Ranar farko na yi dariya, na ɗauke ta ta yi rawarta har ta gaji. Amma kaset ɗin kamera tsada gare shi, kuma al'adarmu ce mu maimaita shi, abin da ba a so a hau kansa da sabon ɗauka. Washegari na hau kan rawarta da wani zance na dattijai biyu a gindin gawo. A rana ta uku, ana tsakiyar wurin da uba ke kuka a kan ɗansa, hadari na tasowa, haske na guduwa, sai ga ta ta ɓullo daga cikin hatsi a bayan ɗan wasan. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi wa yaro ba. Ta tsaya cak, ta dube ni, ta juya da gudu. Babu halin sake ɗauka, ruwa ya sauko. Wajen haɗawa na share muryata na sa kiɗa a wurin, ita kuma na bar ta a bayan hoton don ba yadda zan cire ta.

Haɗa fim ɗin ya cinye mini rani gaba ɗaya, saboda kuran, wato wutar lantarki, da ake kawowa a ɗauke. Sai da bazara ta shigo na gama. Saura bugawa, kuma ina so in buga da yawa, in cika kasuwannin karkara da shi in kaka ta zo, in nuna wa masu debede cewa mun fi ƙarfinsu. Abin da zan buga da shi ne babu. A kasuwa kuwa tiyar hatsi tana ta hawa, kamar yadda take yi kowace bazara. Ina zaune a shago sai na tuna rumbu. Shekara uku ana zuba masa ba a buɗe ba. Tunanin ɗan birni na yi: ga kaya, ga lokacin da ya fi tsada, wane wawa zai bar shi a kulle?

Na sami Yaya yana gyaran ƙotar hauya a ƙofar gida. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni. Bai ɗago ba.

"Rumbun tsoho kake nufi?"

"Rumbuna, Yaya. Ba da sunana ake kiransa ba?"

"Da sunanka ake kiransa."

"To, ai ba roƙo na zo yi ba. In kaka ta yi, zan cika shi har ya yi amai."

Ya ajiye hauyar, ya dubi gabas, inda ko ɗigon girgije babu. "Ɗan birni, yanzu fa ake shiga damina. Ba wanda ya san abin da ke cikinta. Ka bari a ga hatsi ya yi kai, sai ka ɗauka."

"In na jira, tsadar ta wuce."

"Tsadar da kake gani, yunwar wani ce."

Nan raina ya ɓaci. Na ce masa shi bai san komai ba sai turɓaya, na ce shekara nawa ina barin haƙƙina ana yi mini gadinsa kamar maraya, na ce abubuwan da ba zan rubuta a nan ba. Yaya mutum ne mai kawaici, kuma a shari'a rabona ne, ya san haka. Ya tashi ya ɗauko gatari, da hannunsa ya fasa lakar bakin rumbun. Ƙamshin tsohon hatsi ya fito. Matarsa tana tsaye da muciya a hannu, ba ta tsokane ni ba ranar. Da amalanke biyu aka kwashe shi.

Na buga faifaina, kwali bisa kwali, na jera su har rufin shago. A jikin kowanne ga gonar Yaya kore shar.

Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka. Ya ɗauke kwana ashirin da wani abu, shuka ta ƙone. Ya sake ɗigowa, aka sake shuka da irin da ya rage, ya sake ɗaukewa. Aka fita roƙon ruwa, maza a filin idi, tsofaffin mata suna zaga gari. Hadari yakan haɗu ya yi baƙi a kan duwatsun Damagaram, iska ta zo ta watsa shi, mu bi shi da ido. Hatsin da ya rayu ya tsaya iya gwiwa ya fitar da kai kamar yatsa. A kakar nan abin da Yaya ya ɗaure daga gonar da na yi fim a cikinta, jaki ɗaya ya kai shi gida.

Duk da haka ban farka ba. Na ɗaura kwalaye a bayan babur ɗin kabu-kabu na shiga kasuwannin ƙauye, ina cewa ai mai baƙin ciki ya fi kowa son abin da zai ɗebe masa kewa. A Gaffati na nemi rumfar mai shayi, na tarar babu zana, babu tele. Ya ce ya kai na'ura da tele birni tun watan jiya. Wani tsoho da ke zaune a gefe ya karɓi faifai ɗaya ya jujjuya shi.

"Ɗana, ana dafa shi?"

Na ce a'a, Baba.

"To, in an yi mai dahuwa ka kawo mini biyu."

Da na dawo na bi ta babbar kasuwa, wajen masu tsofaffin kaya, a nan na gan su. An tara su kan tabarma kamar tulin ƙwarya: na'urorin sede, teloli, batura. Na gane ta mai shayi, na gane mai ɗaure da roba. Duk waɗanda nake taƙama na sani suna nan, rana tana dukansu, ba mai tayawa. Mai gemu ya ce baƙauye ba ya rabuwa da abin da ya saya, kuma mu biyar muka yarda, alhali dukanmu ƴaƴan manoma ne. Mun san yadda ake sayar da kaya a shekarar fari: abin kallo ke fara tafiya, sai keke, sai tufafin salla, sai awaki, a ƙarshe saniya. Mun sani tun muna yara, muka manta don son ranmu. Samarin da suka tafi cin rani kudu kuwa, waɗanda suka dawo, da salula suka dawo a aljihu. Ba wanda ya sake sayen na'ura.

Mai gemu ne ya fara karya alkawari. Ya kafa tebur a bakin tasha yana tura finafinai a kati, har da nasa. Na je na zazzage masa rashin mutunci a gaban mutane, na kira shi maci amana. Ya bar ni na gama, ya ce, "Ina da baki tara a gida. Kai je ka ci Fatihar." Na rantse a wurin cewa fim ɗina ba zai taɓa shiga kati ba ko zan mutu da shi.

Kafin sanyi ya wuce rumbunan ci biyu na Tirmini sun ƙare. A irin wannan ranar ce tsoho ya ce a fasa na uku. Ba wanda ya aiko mini da magana, da ma sun aiko da zagi ya fi mini sauƙi. Na sayar da ordinater, na sayar da kamera, na auno hatsi na kai. Abin da amalanke biyu suka fitar, buhu biyu ya koma, kuma gida ne mai mutum goma sha ɗaya. Awaki suka tafi, nono ya ƙare. Matar Yaya da sauran mata suka shiga daji tsinkar anza, su jiƙa ƴaƴanta kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, su dafa. Na ci sau ɗaya don kada a ce ina ƙyama, ɗacin ya kwana biyu a maƙogwarona. Yara kuwa kullum shi ne.

Auta ta daina rawa. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura, in na zo sai ta ɓuya a bayan zanen uwarta. Ban san ko yunwa ce ta sa ba ko tsawar nan ce ba ta manta ba. Da zafi ya tsananta gudawa ta kama ta. Muka kawo ta asibiti a birni, ma'aikatan suka yi iyakar ƙoƙarinsu, ɗakin cike da yara irinta. Kwana huɗu ta yi. Da hantsi ta cika, uwarta na riƙe da ita, ni ina tsaye a bakin ƙofa da ledar magani a hannu.

Malamai sun ce kwana ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Yara da yawa sun tafi a shekarar, har a gidajen da ba wanda ya taɓa musu rumbu. Na faɗa wa kaina wannan sau dubu. Amma na san yawan abin da ke cikin rumbun nan, ni na sayar da shi, kuma na san zai kai su ruwan sama. A zaman makoki ba wanda ya dube ni da wata fuska. Yaya ya karɓi gaisuwata kamar ta kowa. Matarsa ta ce "Sannu da zuwa, Malam." Tun da aka kawo ta gidanmu amarya ba ta taɓa kirana Malam ba.

Damina ta gaba Allah ya yi ruwa. Da irin taimako aka yi shuka, hatsi ya tashi, ya yi kai, sai tsuntsaye suka sauko masa, jan-baki, garke-garke. Ina zaune a shagon da ba komai cikinsa sai kwalaye, sai ga Yaya a ƙofa. Bai taɓa tako shagon ba sai ranar. Ya dubi kwalayen tun daga ƙasa har sama.

"Su ne waɗannan?"

"Su ne, Yaya."

"An ce tsuntsu na tsoron ƙyallinsu. Kawo su, su yi gadin abin da suka ci."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Muka ɗaure kwalaye a kan amalanken wani mai komawa Tirmini. Zai hau sai ya tsaya, yana kallon ƙasa.

"Uwar yara ta ce an ce yarinyar tana cikin fim ɗin. Ta ce in tambaye ka."

Na ce tana ciki.

"Ba na'ura a garin yanzu. Salula dai, akwai ta maƙwabci."

Ya hau amalanken ya tafi. Na ɗauki faifai na biyu na nufi bakin tasha. Mai gemu ya gan ni tun daga nesa, ya gyara zama yana jiran wani zagin. Na miƙa masa faifan na ce wuri ɗaya nake so ya yanko mini ya sa a kati. Ya dube ni, ya dubi faifan, bai ce ina rantsuwarka ba. Na nuna masa wurin. Da ya gama ya ƙi karɓar ko dala.

Washegari da safe na same su a gona. Yaya ya ja igiyoyi daga wannan kara zuwa wancan, yana ɗaura faifai ta ramin tsakiya, yara na miƙa masa. Gonar duka tana walƙiya, tsuntsaye na tashi suna komawa gonar wani. Aiki dai sun yi shi, ban taɓa ganin fim ɗina ya yi amfani kamar ranar ba. Matar Yaya tana zaune a gindin gawon nan da na ɗauki dattijai. Na sa katin a salular maƙwabci, na durƙusa na miƙa mata, na kare mata rana da hulata.

Ga ɗan wasan yana kukan ƙarya, ga kiɗa. Sai hatsi ya motsa a bayansa, ta ɓullo, ɗankwali ya rufe ido ɗaya, wushirya a waje, ta ɗaga hannu za ta fara rawa. Ta tsaya cak. Dariyar ta ɓace daga fuskarta. Ta juya ta shige cikin hatsi. Duka bai fi a ja numfashi uku ba.

"Sake," in ji uwar.

Na sake. Ta sa yatsa a kan gilashin. Na sake na uku.

"Iyakarta ke nan? Ai ranar farko ta daɗe tana yi maka rawa. Ina kallo daga murhu."

Na ce wancan ya goge.

Ta ce in ƙara sakewa. Wannan karon ta matso da fuskarta sosai, tana kallon inda yarinyar ta tsaya ta dubi wani wanda ba a gani a hoton.

"Wa ya kore ta haka?"

Yaya yana nan kusa, yana jinmu. Hannunsa ya tsaya a kan igiya, bai juyo ba.

Na ce, "Ni ne."

Ta gyaɗa kai. Ta cire katin da kanta, ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta miƙa mini salular in mayar wa mai ita. Sannan ta tashi ta ɗauki ƙwaryarta, ta bi ta ƙarƙashin igiyoyin ta nufi gida, tana sunkuyawa kada faifan su taɓa mata kai.